Na Tarar da Kumasi a Tsibirin Wait

Yawancinmu a ƙasar nan idan aka ambaci kasil, hankalinmu Elmina yake tafiya, ko Cape Coast, ko Osu: farin gini a bakin teku, igwogi sun fuskanci ruwa, a ƙasa kuma ga ɗakunan da aka tsare bayi. To, igiya baki biyu gare ta, mu kuwa bakin da ke wajenmu kaɗai muka saba gani. A wannan watan ina so in ba ku labarin ɗaya bakin, wato wasu tsofaffin gidajen sarauta biyu da wani ƙaramin coci da ke wani tsibiri a kudancin Ingila. Ba don kyansu kawai na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne saboda abin da na tarar a cikinsu ya shafi Kumasi, ya shafi zango, har ya shafi wani akwatin ƙarfe da ke ɗakin kakata.

Sunan wurin Tsibirin Wait. Tsawonsa bai wuce kilomita 37 ba, faɗinsa kuma kamar 21, mutanen cikinsa wajen 140,000. Babu gada tsakaninsa da sauran ƙasar, sai dai jirgin fito. Na je ne a watan Yuli na 2023, lokacin da na kai ziyara wurin 'yata da ke aikin jinya a birnin Sauthamton. Ita ta yanke mana tikiti, ni da ita da ɗanta mai shekara goma. Jirgin har da motoci yake ɗauka, cikin kamar awa ɗaya muka sauka a garin Kawus ta Gabas.

GIDAN HUTUN SARAUNIYA

Daga bakin ruwa zuwa Gidan Osbon tafiya kaɗan ce. Sarauniya Biktoriya da mijinta Yarima Albat ne suka sayi filin a 1845, domin su sami inda za su riƙa guje wa hayaniyar Landan su da 'ya'yansu. Suka rushe tsohon ginin da suka tarar, aka yi shekara shida ana sabon, aka gama a 1851. Albat da kansa ya tsara shi irin na ƙasar Italiya, da hasumiya biyu, da matakala-matakala na lambu suna gangarawa har teku. Wanda ya tsaya a bayan gidan ya dubi ruwa, ya san mai kuɗi ne ya zaɓi wurin, kuma mai ido.

Abin da ya fi burge jikana shi ne wani ɗan gidan katako can cikin lambu, wanda aka gina wa 'ya'yan sarauniya tara. A nan ake koya musu girki da noma. Kowane yaro da 'yar gonarsa, da fartanyarsa, da baronsa mai ɗauke da haruffan sunansa, in ya noma kayan miya kuma ubansa ya saya da kuɗi. Barorin nan suna nan a jere har yau, bayan shekara fiye da 160. Yaron ya dube ni ya ce, "Kaka, ashe 'ya'yan sarki ma suna noma?" Na ce masa suna yi, sai dai ba don yunwa ba.

Ni kuwa inda na daɗe shi ne Ɗakin Daba. Kalmar nan daba, da muke ji idan sarakuna sun yi taro a nan ko a Kano, daga Indiya Turawa suka ɗauko ta. An naɗa Biktoriya sarautar Indiya a 1877, amma har ta mutu ba ta taɓa taka ƙasar ba. Tun da ba ta je ba, sai aka kawo mata Indiya gida: tsakanin 1890 da 1891 aka gina wannan babban zauren cin abinci, wani gwani Ba'indiye mai suna Bhai Ram Singh ya yi masa ado tun daga bango har rufi, fari fat, kamar an saƙa shi da allura. A barandar da ke kai mutum zauren an rataye hotunan Indiyawa da yawa, zanen hannu, manya da talakawa, masaƙa da maƙera da sojoji.

A cikinsu akwai hoton wani saurayi mai rawani, Abdul Karim, Musulmi mutumin Agra. An kawo shi a 1887 yana da shekara 24 don ya riƙa hidima a teburin abinci, sai Allah Ya haɗa jininsa da tsohuwar, ta mai da shi malaminta, yana koya mata Urdu har tana rubutu da shi. Fadawa da 'ya'yanta ba su so wannan kusanci ba. A ɗakin kwananta da ke saman benen gidan nan ta rasu ranar 22 ga Janairu 1901, tana da shekara 81, bayan mulkin shekara 63. Ba a jima da binne ta ba ɗanta Sarki Edwad ya sa aka karɓe wasiƙun da ta rubuta wa Abdul Karim aka ƙone, shi kuma aka mai da shi Indiya, can ya rasu a 1909. Mutanen da suka adana baron yara su ne suka ƙone takardun babban mutum. A nan na fara gane cewa abin da ke cikin gidan tarihi ba tsira ya yi don kansa ba. Wani ne ya zauna ya ce wannan a ajiye, wancan a zubar.

Edwad bai so zaman gidan ba, ya ba ƙasa shi a 1902. An yi makarantar sojan ruwa a wani sashe, wani sashen kuma ya zama wurin jinyar hafsoshi. Ɗakunan sarauniya kuwa rufe su aka yi da ƙofar ƙarfe, sai a 1954 Sarauniya Elizabet ta ba da izini aka buɗe wa jama'a.

KABARIN DA KE WIFINGAM

Da la'asar muka biya wani ƙauye kusa da gidan, Wifingam, inda cocin da iyalin sarauniya suke zuwa yake. Wata dattijuwa mai kula da wurin ta tambaye ni daga ina. Na ce daga Gana, garin Kumasi. Sai ta ɗan yi shiru, ta ce in biyo ta. Ta kai mu wani ɗaki a gefe, mai shinge na ƙarfe, a ciki ga kabari na farin dutse an ɗora siffar takobi a kansa. Ta ce wannan surukin sarauniya ne, hanyar garinku ce ta ci shi.

Ga yadda abin yake. Autar Biktoriya, Gimbiya Biyatiris, ta auri wani yarima Bajamushe, Henri na Batinbag, a cocin nan a 1885. Sharaɗin da uwar ta gindaya shi ne ma'auratan su zauna tare da ita. A 1889 aka ba shi gwamnan tsibirin, amma zaman gidan surukai ya gundure shi, domin shi soja ne. Da aka shirya rundunar da za ta tafi ƙasar Asante a ƙarshen 1895, sai ya roƙa aka bar shi ya bi ta, ya zama sakataren kwamandanta, Sa Faransis Sikot. Suka sauka Cape Coast, suka nausa daji, suka ƙetare kogin Pra. Kafin su kai Kumasi zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, aka juyo da shi bakin teku, aka sa shi a jirgin ruwan yaƙi. Ranar 20 ga Janairu 1896 ya cika a kan teku, daura da Saliyo, yana da shekara 37.

Duk wanda ya yi karatun tarihi a ƙasar nan ya san wannan ranar, ko da bai san Henri ba. Rundunar ta shiga Kumasi ranar 17 ga watan ba tare da an harba bindiga ba, domin Asantehene Prempeh ya hana mutanensa yaƙi. Ranar 20 ɗin nan ce aka tara jama'a, aka sa shi ya miƙa wuya a gaban gwamna, sa'an nan aka kama shi da mahaifiyarsa da manyan fadawansa. Aka tsare shi a Elmina, daga nan Saliyo, daga nan tsibirin Seshel a 1900, bai sake ganin Kumasi ba sai 1924. Wato rana ɗaya gidan sarautar Tonawa ya rasa sarkinsa, gidan sarautar Ingila ya rasa surukinsa.

Ina tsaye a gaban kabarin nan, 'yata ta taɓa ni ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiya lau, kakana na tuna.

SARKI A TAGA, JAKI A RIJIYA

Kashegari muka nufi tsakiyar tsibirin, kusa da babban garinsu Niyufot, inda Kasil ɗin Karisburuk yake a kan tudu. Wannan ya girmi Elmina nesa ba kusa ba. Turawan Fotugal sun gina Elmina a 1482, shi kuwa wannan tun wajen shekara ta 1100 aka fara ɗora duwatsunsa. Faransawa sun kewaye shi a 1377 ba su ci shi ba. Akwai matakala 71 zuwa ƙololuwar hasumiyarsa; na hau, da hutawa biyu a hanya, daga sama kuwa ana hango kusan rabin tsibirin.

Abin da ya fi fito da sunan wurin shi ne sarkin da aka tsare a ciki. Sarki Cals na Ɗaya ya yi yaƙi da majalisar ƙasarsa ya sha kaye. A watan Nuwamba na 1647 ya gudo tsibirin nan yana zaton gwamnan zai ba shi mafaka, sai ya zama ɗan sarƙa. Da farko an girmama shi, har fili aka share masa na wasa. A watan Maris na 1648 ya shirya gudu da dare ta taga. Ya gwada kansa tsakanin sandunan ƙarfen ya ga ya wuce, ya ɗauka sauran jiki ma zai wuce. Da daren ya zo sai ƙirji ya maƙale, ba gaba ba baya, da ƙyar ya ja jikinsa ya koma ciki, masu jiransa da dawaki suka gaji suka watse. Ranar 30 ga Janairu 1649 aka fille masa kai a Landan. 'Yarsa Elizabet, yarinya mai shekara 14, a kasil ɗin nan ta rasu a 1650 tana tsare. Da na leƙa ɗakin da ya zauna, ɗakin Prempeh da ke saman bene a Elmina ne ya faɗo mini a rai. Sarauta riga ce, in an tuɓe wa mutum ita, taga ɗaya ta ishe shi kallon duniya, Bature ne shi ko Batone.

A tsakar gidan akwai rijiya mai zurfin mita 49. Ba da hannu ake jan gugarta ba. An kafa wani ƙaton wili na katako tun 1587, jaki yake shiga cikinsa ya yi ta tafiya a wuri ɗaya, wilin yana juyawa, igiya tana naɗewa, guga tana hawowa. Shekara fiye da 300 ke nan jakuna suna wannan aiki. Yanzu da akwai famfo, 'yan mintoci kawai suke yi a rana don baƙi su gani, sauran lokacin suna kiwo. Kowane jaki da sunansa, kuma duk sunayen da harafin J suke farawa, wai don da wannan harafin Sarki Cals yake sa hannu a wasiƙunsa na asiri. Jikana ya yi ta dariya. Ya ce, "Kaka, jakin nan ya fi na garinmu jin daɗi." Na ce ai har suna gare shi a rubuce.

Daga rijiya muka shiga gidan tarihin da ke cikin kasil ɗin, sai ga Henri kuma. Bayan rasuwarsa matarsa Biyatiris ce ta gaji gwamnan tsibirin, ita ta kafa gidan tarihin nan a 1898 don tunawa da shi. Daga baya ma a nan take zama lokacin zafi, ta riƙe muƙamin har ta rasu a 1944, aka kai ta kusa da mijinta a Wifingam. A ɗan cocin da ke cikin ganuwar kuma an sassaƙa sunayen mutanen tsibirin da suka mutu a yaƙin duniya, wajen 2,000, kowa da sunansa da na gidansu, ɗan masunci da ɗan attajiri.

TAURARON DA BA SUNA

Yanzu bari in dawo kan kakana. A cikin rundunar nan ta 1896 akwai Turawa, akwai sojojin da aka kawo daga tsibiran Karebiyan, akwai dubban 'yan dako da suka ɗauki kaya a ka tun daga bakin teku, akwai kuma waɗanda Turawa suke kira sojan Hausa. Tun zamanin Kyaftin Gulba a Ikko, a 1863, ake ɗibar su, sun kuma yi yaƙin Asante na 1874. Ba dukansu ne Hausawa ba. Akwai Gurunsawa da Mosawa da Zabarmawa da Yarabawa, wasu ma bayi ne da suka gudo, amma Hausa ce harshen bariki, sai sunan ya rufe su duka. Kakana, mahaifin babana, yana cikinsu. Hanyar da ta kashe Henri, shi ma ita ya bi da ƙafa, sauron da ya ciji yarima bai ƙyale shi ba.

Bayan an dawo, sarauniya ta sa aka yi wa rundunar lambar yabo, tauraro na baƙin tagulla, an ce ma Biyatiris ce ta zana shi. A gabansa an rubuta Asante da shekarar, a bayansa an rubuta cewa daga Sarauniya. Ba a sa sunan kowa a jiki ba. Na san haka tun kafin in karanta a littafi, domin na riƙe ɗaya a hannuna. Yana cikin akwatin ƙarfen kakata, ƙunshe a tsumma, tare da wasu takardu na ajami da gara ta fara ci. In ta ji daɗinmu takan fito da shi mu taɓa. Da ta rasu aka raba kaya, daga baya aka rushe tsohon ɗakin aka yi na bulo, tun daga nan ba wanda ya sake sa shi a ido. Sunan kakana na yanka mun sani. Sunan mahaifinsa, da garin da ya fito, da yadda aka yi ya shiga soja, duk sun bi tsofaffi kabari.

Ba ina ba da labarin nan don alfahari ba ne. Mutumin ya ɗauki bindigar Bature ya shiga garin mutanen da daga baya suka ba shi wurin zama, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya a tsakiyarsu. Wannan magana ce mai nauyi, kuma tamu ce, dole mu iya faɗinta yadda take. Wasunmu kakanninsu fatauci ya kawo su, suka bi hanyar Gwanja neman goro, suka zauna Salaga har yaƙin basasa na 1892 ya watsa su Karachi da Yeji da Kintampo. Wasu malanta ta kawo su, wasu soja. Ko ta wace ƙofa aka shigo, an shigo tun kafin a raɗa wa ƙasar nan suna Gana.

Amma wa zai shaida? Waɗanda suka kai shekaruna suna tune da ƙarshen 1969, lokacin da aka ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Ina yaro na ga manyan motoci cike da maƙwabtanmu, a cikinsu har da waɗanda aka haifi iyayensu a nan, sai dai ba su da ko ƙyallen takarda da zai nuna haka. Har gobe ɗan zango yakan je neman katin shaida a tsare shi da tambayar daga ina kakanka ya zo. Ranar da aka yi maka wannan tambaya, tarihi ya tashi daga hira ya zama abin kare kai.

Mutanen Tsibirin Wait ba su fi mu son iyayensu ba. Abin da suka fi mu shi ne sun ɗauki tunawa a matsayin aiki, mai ma'aikata da kuɗin shiga. Akwai ƙungiyar da ke kula da gidajen nan biyu, akwai masu biyan kuɗi duk shekara, akwai tsofaffi 'yan fansho da ke tsayawa a ƙofa kyauta suna yi wa baƙi bayani, kamar dattijuwar nan ta coci. Na san suna da dukiyar da ba mu da ita, wani kason dukiyar ma daga irin ƙasashenmu ya tafi. To amma rubuta sunan kaka ba ya cin ko sidi goma.

Kuma ba yau muka fara rubutu ba. Alhaji Umaru na Karachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a 1934, ya rubuta zuwan Nasara da Larabci da Hausa, ya bar mana yadda abin ya kasance a idon wanda aka zo wa. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar Legon ta bi gari gari tana ɗaukar hoton irin waɗannan takardu daga hannun malamai, shi ya sa da yawa suka tsira. Waɗanda ba a kai gare su ba suna nan cikin buhuna da akwatuna a zangunanmu, daga Nima har Tamale, gara da ɗigon ruwan sama suna rabonsu.

Don haka ga roƙona, musamman ga matasa masu waya a hannu. Duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida, ya zauna da su wannan makon, kada ya ce sai bayan salla. Ya tambaye su sunan uba da kaka, da garin asali, da hanyar da aka biyo, da wanda ya sauke su, da inda aka binne wa. Ya ɗauki muryar, ya kuma rubuta a littafi, don waya tana faɗawa ruwa. Takardar ajami ko ta haraji ko ta sallamar soja, ko da ta yage, a ɗauki hotonta a raba wa 'yan'uwa, kada ta zauna hannun mutum ɗaya. Wanda zai rushe tsohon zaure ya yi bene, Allah Ya sa albarka, amma ya ɗauki hoton zauren tukuna, ya rubuta wanda ya gina shi. Sarakunan zango da limamai kuma, in kowane zango ya ware ɗaki ɗaya da kabad mai makulli da amintaccen mutum guda, an fara.

Wanda kuma Allah Ya kai shi Ingila, ya daure ya ƙetara tsibirin nan. Kwana biyu sun isa. Ya ga gidan, ya ga jakunan, ya tsaya a Wifingam ya gaya musu daga inda ya zo. In kuwa akwai mai karatu da irin tauraron nan yake gidansu har yanzu, don Allah ya rubuto wa jaridar nan, ya haɗo da sunan mai shi da na garinsu, a buga kowa ya gani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yafe musu kurakuransu, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari. Sai wani watan, in Allah Ya kai mu.